Ma'aunin kaurin baki na haɗin gida don wasa tsohon gatari

Tambaya daga Talata Mafara: "Assalamu alaikum. Na gaji gatura biyu daga mahaifina, ɗaya ƙirar maƙeranmu mai wutsiya, ɗaya na Turawa mai ramin ƙota da rubutu a jikinsa. Na kai su wurin mai giranda, suka dawo da kaifi har suna aske gashi. Amma na gida ya ɓantare a baki da na sa shi a busasshiyar kirya, na Turawa kuma sai tsalle yake yi daga jikin itace, ba ya shiga. Akwai abin da zan iya haɗawa da kaina in riƙa auna kaurin baki idan zan wasa?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, Malam. Akwai abin da za ka haɗa, kuma kayan haɗin ba su wuce guntun alminiyam, zarton ƙarfe, rula da magagari ba. Sai dai kafin a zo kan haɗawa, ya kamata ka san abin da za ka auna, domin gaturan nan naka biyu cuta biyu ce ta kama su, kowace kishiyar 'yar uwarta.

Kaifi daban, kauri daban. Aske gashi da ka gani shaida ce kawai cewa gefen nan biyu sun haɗu a tsini, ba ta gaya maka komai game da ƙarfen da ke bayan tsinin ba. Na gida an sirance shi fiye da kima, wataƙila ma an ƙona bakin, shi ya sa ya kasa jure kirya. Na Turawa kuwa leɓen kawai aka wasa aka bar tudun ƙarfe a baya, don haka tsinin yana taɓa itace, tudun ya daki gefen saran, gatarin ya dawo maka.

Wannan ta biyun ita ce cutar kusan kowane tsohon gatari. Kan gatari siriri ne a baki, yana ƙara kauri yana tafiya wajen ƙeya. Duk washi ɗaya yana cin baki ya mayar da shi baya, zuwa inda ƙarfe ya fi kauri. Mai gatari kuma yana sauri, sai ya goga milimita 2 ko 3 na leɓe ya koma aiki. Shekara talatin ko arba'in ana haka, baki ya ja baya da inci guda ko fiye, kusurwa ta buɗe, gatarin sara ya koma na faskare ba tare da kowa ya lura ba. Ido ba ya kama wannan canji domin a hankali yake zuwa. Ma'auni shi ke kama shi.

Abu biyu ake aunawa. Na farko kusurwar leɓe, wato yadda gefen biyu suka haɗu a milimita 5 na farko. Na biyu kaurin jiki a nisan milimita 10 da kuma 25 daga tsini. Tsakanin waɗannan wurare ana son jikin ya yi doro mai santsi, kamar ɗan kabewa idan ka kalle shi ta gefe, ba miƙaƙƙen layi ba, ba kuma kwarmi ba. Doron shi ke tallafe tsini, shi ke ture ɓawon sara waje, shi ke sa gatari ya saki itace idan ka ja shi.

Ga alƙaluman da za ka fara da su. Gatarin sara ɗanyen itace mai sauƙi, irin darbejiya ko gawo: kusurwa digiri 25 zuwa 28, kauri milimita 3.5 zuwa 4 a nisan 10, sannan 6 zuwa 7 a nisan 25. Gatarin da zai shiga busasshiyar kirya, marke, bagaruwa ko tsamiya: digiri 30 zuwa 33, kauri 4.5 zuwa 5 a nisan 10, sannan 7 zuwa 8 a nisan 25. Na faskare: digiri 35 ko sama da haka kaɗan, kauri wajen 6 a nisan 10, wajen 12 a nisan 25. Waɗannan mafari ne. Taurin ƙarfenka da irin itacen da kake sara su za su yanke hukunci na ƙarshe, kuma idan kana shakka tsakanin lamba biyu, ɗauki mai kaurin, domin ragewa tana yiwuwa gobe, mayarwa ba ta yiwuwa.

Ma'aunin kusurwa shi ne na farko, wato guntun ƙarfe mai tsaga irin siffar harafin V da ake saka bakin gatari a ciki. Nemi guntun alminiyam mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, tsawo santimita 10, faɗi santimita 5. Wurin masu haɗa tagogin alminiyam ana samun irin wannan a cikin abin da suke zubarwa. Tagulla ma ta yi. Kwanon rufi bai yi ba, ya cika siriri, yana lanƙwashewa tsagar ta buɗe ta yi maka ƙarya. Ƙarfe mai tauri kuma yana dakusar da bakin da kake wahalar wasawa.

Kada ka fara zana kusurwa a kan alminiyam kai tsaye, tsagar ƙarama ce, kuskuren rabin milimita a wurin zai iya zama digiri 4 ko 5. Fara da yanka namijin kusurwar, wato tsinin da zai shiga tsagar ya cika ta, a kwali mai tauri ko tsohon katin ATM. Ja layi miƙaƙƙe mai tsawon milimita 50, a ƙarshensa ka gitta wani layin, ka raba faɗin daidai hagu da dama. Faɗin milimita 22 yana ba da digiri 25, faɗin 27 yana ba da digiri 30, faɗin 31.5 yana ba da digiri 35. Haɗa ƙarshen biyu da tsinin layin farko ka yanke da reza. Idan akwai ɗan makaranta a gida, akwatin kayan lissafinsa yana da ma'aunin kusurwa, kuma ɗaya daga cikin robobin nan masu kusurwa uku tsininta digiri 30 ne cif. Ko kusurwar takarda ka ninke gida uku daidai, kowane ninki digiri 30 ne.

Sai ka ɗora namijin a kan alminiyam, tsininsa ya shiga ciki da milimita 6 daga gefe, ka zana da tsinin ƙusa. A daidai tsinin ka huda rami na milimita 2. Ramin nan yana da muhimmanci ƙwarai: shi ke ba tsinin gatari wurin shiga ba tare da ya daki gindin tsaga ba, kuma ƙura ba ta taruwa ta ɗaga ma'auni. Yanka da zarton ƙarfe ta cikin layi, ba a kan layi ba, har ka isa ramin. A nan mutane da yawa ke ɓata aikin: suna ɗauko magagari mai kusurwa uku su gyara tsagar, alhali kowace kusurwarsa digiri 60 ce, ba zai shiga tsagar digiri 30 ba sai ya buɗe ta. Manna samfefa a gefe ɗaya na tsohon ruwan zarto, ka goga da shi kaɗan-kaɗan, kana saka namijin kana ɗagawa ga haske, har ya zauna babu hasken da ke ratsawa. Yi tsaga uku a jere, 25, 30, 35, ka buga lambar kowace a gefenta.

Wanda yankan ƙaramar tsaga ya yi masa wuya, ya ɗauki gutsattsarin alminiyam biyu masu miƙaƙƙen gefe, ya jingina su a gefen namijin biyu, ya ɗaure su a kan wani guntu na uku da ƙananan ƙusoshi ko gam mai ƙarfi, ya bar 'yar kafa a inda suka haɗu. Sau da yawa ma wannan ya fi fitowa daidai.

Karanta shi ba wuya. Saka bakin gatari a tsaga a hankali, ka ɗaga wajen haske. Idan bakin tsaga ya kama jikin gatari, tsinin bai kai rami ba, haske yana fitowa ta ciki, gatarin ya fi tsagar kauri. Idan tsinin ya faɗa rami, ma'aunin yana rawa hagu da dama, gatarin ya fi tsagar siranta. Wanda ya dace zai zauna daram daga wajen rami, da ɗan siririn haske kamar gashi a bakin tsaga, saboda doron da aka ambata.

Amma ma'aunin kusurwa shi kaɗai zai iya yaudararka, kuma da shi kaɗai mutane suka fi tsayawa. Gatarinka na Turawa zai iya zama daidai a tsagar 30 ko 35 alhali tudun yana nan a baya. Shi ya sa a ganina ma'auni na biyu, na kauri, ya fi na farko amfani ga tsohon gatari.

Shi wannan tsagoginsa miƙaƙƙu ne, gefe biyu a jere kamar haƙoran mataji. A ɗaya gefen alminiyam ɗin, ko a wani guntu dabam, yi tsaga uku: mai faɗin milimita 2.5 da zurfin 12, mai faɗin 4.5 da zurfin 20, mai faɗin 7.5 da zurfin 35. Hanya mafi sauƙi ita ce ka huda gindin tsagar da ƙarfen huda mai lambar faɗin da kake so, ka yanka layi biyu zuwa ramin, sannan ka goga har gindin wannan ƙarfen hudar ya ratsa tsagar daga baki zuwa ƙasa da ɗan matsi. Ƙarfen huda lambarsa tana rubuce a jikinsa, don haka shi ne shaidarka. In babu shi, sandar walda geji 12 idan ka fasa abin da aka lulluɓe ta da shi, ƙarfen cikinta milimita 2.5 ne, geji 10 kuma wajen 3.2. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76, saboda haka guda 6 a haɗe sun kai 4.5, guda 10 sun kai 7.6, in dai ka auna ta gefen da babu lambobi masu tudu.

A gefen kowace tsaga ka ja layin shaida daga bakinta: milimita 5 a ta farko, 10 a ta biyu, 25 a ta uku. Tura tsaga a kan bakin gatari har ta tsaya da kanta, kada ka danna. Duba inda tsinin gatari ya kai. Ya tsaya daidai layi, kauri ya yi. Bai kai layi ba, akwai sauran ƙarfen cirewa. Ya wuce layi, wurin ya riga ya yi siriri, kada ka sake taɓa shi. Waɗannan faɗin uku na gatarin itace mai tauri ne, wanda shi ne buƙatar yawancin mutanen yankinku. Mai son na ɗanyen itace ya yi 2.2, 4 da 6.5.

Yau ɗin nan ma, kafin ka haɗa komai, za ka iya gwada na Turawan da sifana. Bakin sifana mai lamba 6, 7, 8 ko 10 faɗinsa ke nan a milimita, da ɗan ƙari kaɗan don ya shiga noti. Ja layi da alƙalamin maka a jikin gatari a nisan milimita 10 daga tsini, yana bin lanƙwasar baki. Tura sifana lamba 8. Idan bakinta ya kama jikin gatari a kusa da layin ko kafin shi, tun tsinin bai taɓa gindin bakin nata ba, ka ga tudun da idonka. A yi amfani da sifana mai lafiya, wadda ta sha aiki bakinta ya buɗe.

Akwai hanyar da ta fi duk lambobin nan, idan ka samu dama. A unguwa ba a rasa wani mai faskare ko masassaƙin turmi da gatarinsa ke cin kirya kullum ba ya ɓantarewa, ba ya maƙalewa. Wannan gatarin ya riga ya amsa tambayarka, sai ka kwafi siffarsa. Shafa masa giris a baki, kwaɓa filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, cika ƙaramin kwalin da bakin zai shiga, ka nutsa bakin a ciki zurfin milimita 30, a tsaye ba a karkace ba. Cikin kamar minti 20 ta daskare. Zare gatarin, ka yanko faifai mai kaurin milimita 5 daga tsakiya da zarton ƙarfe. Ka samu ma'aunin da ke ɗauke da kusurwa, kauri da doro gaba ɗaya. Laka ba ta yi ba, tana tsukewa idan ta bushe, kyandir kuma rana tana narkar da shi. Wasu suna bugun dalmar tsohon batir su lanƙwasa ta a bakin gatari don kwafar siffa. Kada ka kusanci wannan, kada kuma ka goge dalma a gidan da yara ke wasa. Mutanen Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010.

Tsofaffin ruwan zarton ƙarfe biyu ma suna yin ma'auni mai buɗewa da rufewa. Haɗa su ta ramin ƙarshensu da ƙaramin noti, bayansu mai santsi yana fuskantar juna, ka naɗe haƙoran da salatif. Ka buɗe su a bakin gatari mai kyau, ka ɗaure notin, ka kai wa naka. Ƙarfensu yana da tauri, a saka a hankali.

Yadda ake riƙe ma'auni yana canza abin da zai faɗa. Bakin gatari a lanƙwashe yake, saboda haka a kowane wuri ma'auni ya shiga a tsaye bisa lanƙwasar wurin, ba a karkace ba. Karkacewa kaɗan tana sa ma'auni ya nuna kaurin da ba shi ne na gaskiya ba. A auna wuri uku: tsakiya, da kuma santimita ɗaya da rabi daga kowace kusurwar baki. Kusurwoyin nan biyu a bar su da ɗan kauri fiye da tsakiya, kamar rabin milimita, domin su ne ke fara karyewa idan sara ya zo a karkace ko ya faɗa kan gaɓa. A tsohon gatari za ka tarar kusurwar sama ta fi cinyewa, ita ke yawan dukan ƙasa da dutse. Tsatsa ma tana ruɗa ma'auni, ɓawonta yana ƙara kauri, ramukanta suna ragewa, don haka a kankare da buroshin waya kafin a auna, kuma kada bakin tsaga ya faɗa cikin ramin tsatsa.

Abu biyu ne ma'aunin nan ba ya gani. Na ɗaya kwarmi. Dutsen giranda zagayayye ne, yana barin loɓa a bayan leɓe, tsaga za ta taɓa sama da ƙasa ta ce lafiya alhali tsakiya ba ƙarfe. Ɗora gefen rula daga tsini zuwa baya: a kan doro rula tana lilo, a kan kwarmi tana zama a wuri biyu haske yana ratsa tsakiya. Ina kyautata zaton wannan za ka gani a gatarinka na gida. Na biyu karkatar tsini. Jimillar kauri tana iya yin daidai alhali gefe ɗaya aka fi ci, sai gatari ya riƙa zamewa gefe guda a kowane sara, kuma wannan haɗari ne ga ƙafa. Riƙe gatarin baki sama, ka hango shi daga ƙeya zuwa ƙarshen ƙota: layin baki ya bi tsakiyar ƙota. A mai wutsiya, cire kan daga ƙota, baki ya yi layi ɗaya da tsinin wutsiya. Gizago ba ya cikin wannan lissafi, shi gefe ɗaya ake wasa masa da gangan.

Kafin ka cire ko ƙwayar ƙarfe daga na Turawan, bincika sauran taurinsa. Gatari ba duka jikinsa ke da tauri ba, daga baki zuwa santimita kaɗan ne, sauran an bar shi da laushi don kada ya fashe. Da yawa daga tsofaffin ma jikin baƙin ƙarfe ne mai laushi aka haɗa masa ƙarfe mai tauri a baki a cikin wuta. Idan rubutun jikin naka Elwell ne ko Brades, ƙirar yankin Birmingham ce a Ingila, kuma ƙarfe ne da ya cancanci a lallaɓa shi. Cire ƙota, jiƙa kan a ruwan khal kwana ɗaya, ka wanke, za ka ga ɓangaren mai tauri ya fi duhu, da layi a tsakaninsu. Ɗauraye da ruwan kanwa don kashe tsamin, busar, shafa mai nan take. Magagari ma yana faɗa: a wuri mai tauri yana ci da ƙyar da ƙara mai kaifi, a wuri mai laushi yana nutsewa. Idan sauran mai duhun ya kai milimita 20 ko fiye, yi aikinka hankali kwance. Idan bai kai 10 ba, kada ka ja baki baya, rage tudun kawai. Idan babu shi gaba ɗaya, kowace kusurwa ka ba shi zai lanƙwashe, sai maƙeri ya sake ba shi tauri, ko ya haɗa masa sabon baki na sifirin ɗin mota in ƙarfen bakin ne ya ƙare.

Aikin kansa da magagari mai faɗi na inci 10 ko 12 ake yi. Ɗaure kan gatari sosai a kan benci, sa safar hannu ta fata, ka huda guntun fata mai kauri ko tsohuwar taya ka zura a gindin magagari ta tare yatsunka. Shafe jikin gatari da maka daga baki zuwa santimita 7, don ka riƙa ganin inda magagari ke ci. Fara daga tudun, ba daga leɓe ba. Wurin da za ka goge ya yi siffar rabin wata, ya shiga baya santimita 6 zuwa 7 a tsakiya, ya ragu wajen kusurwoyi. Magagari yana ci ne a turawa, a ɗaga shi a dawowa. Lissafi a nan shi ne rabi-rabi: idan kauri a nisan 10 ya nuna 6.5 kana son 4.5, milimita ɗaya za ka cire a kowane gefe, ba biyu a gefen da ya fi maka sauƙin riƙo ba. Yi turawa 20 a gefe ɗaya, juya, 20 a ɗayan, share garin ƙarfe, auna. Fara daidaita tsagar 7.5, sannan 4.5, sannan 2.5, kusurwar leɓe ita ce ta ƙarshe. Tsohon gatari mai tudu sosai yana iya cin yini guda ko biyu, sannu ba ta hana zuwa. Ma'auni kuma duk a gama da shi kafin washi na ƙarshe a dutse, lokacin da bakin bai yi kaifin yankan yatsa ba.

Idan dole sai an sa giranda don rage babban tudu, a tsaya nesa da leɓe da milimita 5, a ajiye bokitin ruwa a gefe, a tsoma bayan kowane shafi biyu ko uku. Ƙarfe yana faɗin zafinsa da launi: ruwan zuma wajen digiri 230 na zafi, shunayya wajen 280, shuɗi wajen 300. Da zarar shuɗi ya bayyana a baki, taurin wurin ya tafi, goge launin ba ya dawo da shi. Tsini siriri ne, yana ƙonewa cikin daƙiƙa kaɗan tun jikin gatari bai yi ɗumi ba. Abin takaici ne yadda ake kashe gaturan da suka yi shekara hamsin suna aiki cikin minti biyar a bakin injin.

Na gidan da ya ɓantare, ga gyaransa. Fara duba tsaga a jikin ƙarfe: shafa kananzir, goge ya bushe, shafa alli, ka jira kaɗan. Idan akwai tsaga, kananzir zai fito ta cikinta ya zana layi a kan allin. Tsagar da ta shiga jiki sai maƙeri. In babu, goge bakin a tsaye da magagari, ka dakusar da shi gaba ɗaya har ka kai gindin ɓantarewar, kana kiyaye lanƙwasarsa ta asali, ka ƙara kaɗan idan akwai alamar ƙuna. Za ka samu fili siriri a baki. Ja layi a tsakiyar filin, ka wasa daga gefe biyu zuwa layin, a tsagar 30 ko ma 33. Ja da bayan nan da kansa zai kai ka wurin da ya fi kauri, ya cinye yawancin kwarmin. Maƙeranmu sun fi ƙera gatari da sifirin ɗin mota, ƙarfe ne mai kyau, amma tauri yakan bambanta daga hannu zuwa hannu, wani yana fitowa da tauri har ya yi gautsi. Irin wannan kusurwa mai faɗi yake so.

Bayan magagari sai dutse da ruwa, ana zagayawa ƙanana-ƙanana a gefe biyu har siririn ƙarfen da ke lanƙwasowa a tsini ya faɗi, sannan a goga a kan fata. Daga nan itace ne zai duba aikin. Yi sara goma sha biyar a irin itacen da za ka riƙa aiki da shi, wuri mai tsabta, ka duba. Yana shiga ya maƙale, jiki ya yi siriri ko akwai kwarmi. Yana tsalle, tudu bai gama sauka ba. Tsini ya lanƙwashe, ko ƙarfe mai laushi ne ko kusurwa ta yi ƙanƙanta. Ya ɓantare ƙanana-ƙanana, ƙara digiri 3 zuwa 5 a milimita 2 na leɓe kawai, ka bar jikin yadda yake. Kada ka yanke hukunci da itacen da gara ta lulluɓe da ƙasa ko kututturen da ake tonowa lokacin sharar gona, yashi yana dakusar da kowane baki, wannan aikin a ware masa gatari mai kauri dabam.

Ranar da gatarin ya yi maka yadda kake so, auna shi a wuraren nan uku ka rubuta lambobin a jikin ma'aunin da tsinin ƙusa, kowane gatari da nasa. Huda rami a kusurwar ma'aunin ka sa igiya ka rataye shi tare da namijin kwali, domin alminiyam yana cinyewa a bakin tsaga, lokaci-lokaci sai ka saka namijin ko ƙarfen huda ka tabbatar bai buɗe ba. A duk washi uku ko huɗu na leɓe, koma ka gwada tsagar 4.5, idan tsini ya fara kasa kai layi, rage bayan kaɗan a lokacin tun tudun bai taru ba.